Tambayar da Na Haɗiye a Bayan Garin Osaka

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yanzu ko sunan layin da muka zauna a Riyad sai na tambayi uwargida. Amma akwai wata tafiyar ƙafa da muka yi mu uku, wata ranar Lahadi, a cikin gonakin shinkafa na bayan garin Osaka ta ƙasar Japan, wadda har yau ƙamshin taɓon wurin bai bar hancina ba, kuma na san da ita za a kai ni makwancina. Wurin yana da kyau, kyan da har haushi ya ba ni, amma ba shi ya sa na kasa mantawa ba. Abin da na aikata a wurin ne ya hana.

A shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya ɓarke a Saudiyya. Duk inda ka waiwaya a Riyad ana rushe katangar ƙasa ana tayar da ta siminti, layin da ka bi da safe kana iya dawowa da yamma ka tarar an haƙe shi. Ina aiki a wurin wani Balarabe mai shigo da injinan ban-ruwa daga Japan yana sayar wa masu gonakin dabino. Shi ne kafilinmu, wato takardar zamanmu da fasfo ɗinmu duk suna hannunsa, sai yadda ya yi da mu. Shagonsa yana unguwar Dira, wurin gyaran injinan kuwa, wanda muke kira warsha, yana can gefen gari. Hausawa biyu ne a warshar, ni da wani mutumin Haɗeja, kuma ɗaki ɗaya muka kama a unguwar Shumaisi.

Ni Bakatsine ne, kuma kowa ya san tsakaninmu da Haɗejawa sai wasa. Da safe in ce masa, "Bawana, ka tashi lafiya?" ya ce, "Ubangidanka dai. Zo ka miƙo mini sifana, ɗan boko." Haka muke wuni, Yamalawan da muke aiki tare suna dariya ba tare da sun san abin da ake cewa ba. Ya girme ni da 'yan shekaru, dogo ne, ba shi da yawan magana in ba da ni ba. Hajji ya zo ya zauna. Ban da allo bai taɓa zama a gaban wani malami ba, a fadama ya tashi cikin shinkafa da kifi. Ni kuwa na yi makarantar koyon sana'a, ina da satifiket ɗin da na sa a gilashi na rataye a bangon ɗakinmu daidai inda idonsa zai riƙa faɗawa in ya idar da sallah, ina kuma jin Turanci.

Matsalar ita ce inji ba ya karanta satifiket. In aka kawo wanda ya ƙi tashi, ni sai in buɗe littafi ina bin shafi, shi kuwa ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kafa kunnensa a kan ƙotar, ya lumshe ido, sai ya ce a kwance wuri kaza. A kwance a tarar. Masu gonaki in sun zo ba sa neman mai takarda, dogon nan suke tambaya. Wannan abu yana ci mini rai, kuma na samu inda nake ɓoye shi. Duk baƙar maganar da ta taso mini sai in naɗe ta da wasan Katsinawa da Haɗejawa in jefa masa, in ce baƙauye, in ce mai ƙarnin kifi, shi yana dariya yana ramawa, bai san tawa daga ciki take fitowa ba. Ko kuwa ya sani, Allah masani.

Ana nan sai kafili ya kira mu ofis. Ya ce zai buɗe sabuwar warsha babba, kuma kamfanin da yake hulɗa da shi a Japan ya yarda ya horar da mutum biyu na wata biyu. Mu za mu je. In mun dawo, wanda Japanawa suka ce ya fi cancanta shi zai zama shugaban warshar, za a ba shi gida, kuma kafili zai nema masa izinin kawo iyalinsa. Mutum ɗaya, ba biyu ba.

Nan ne ya kamata in faɗi abin da na fi jin kunyar faɗa. Abokin nawa shekararsa huɗu rabonsa da gida, matarsa tana can wurin iyayenta. Makonni kaɗan kafin wannan magana surukinsa ya sa an rubuto masa wasiƙa da boko, kuma tun da ba ya karantawa, ni na karanta masa. Dattijon ya ce haƙuri ya ƙare, ko ya ɗauke ta kafin babbar sallah, ko kuwa su je wurin alƙali a sawwaƙe mata. Ni na rubuta masa amsa da hannuna, cewa a ƙara masa 'yan watanni, akwai hanya tafe. Ni fa? Na yi aure shekara ɗaya kafin nan lokacin da na je hutu, amaryata tana gidanmu a Katsina, mahaifiyata tana ji da ita, ba wanda ya sa mini wa'adi. Ni ba abin da yake korata sai son a ce ni ne.

Makonnin farko a Japan sarauta na yi. A masana'antar ba mai jin Larabci balle Hausa, don haka komai ta bakina yake bi. Malaminmu wani injiniya ne mai furfura, gajere, mai Turanci a hankali kamar yana tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. Shi ya faɗa mini, ni in faɗa wa abokina, abokina ya amsa, ni in mayar. Ko burodi zai saya sai na raka shi. Abinci kuwa, don gudun abin da ba mu sani ba, kullum shinkafa da kifi da ƙwai. Mutumin da masu gonakin Riyad suke layi a kansa sai ya koma shiru-shiru, yana bin bayana a tashar jirgin ƙasa yana riƙe da gefen rigata kada taro ya raba mu. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. A raina na riga na zaɓi kalar labulen gidan da za a ba ni.

Saura mako ɗaya mu dawo, malamin ya ce ran Lahadi zai kai mu ƙauyensu mu ga iyayensa. Na ɗauko kwat ɗin da na saya a kasuwar Dira, da sabon takalmi sau-ciki wanda ban taɓa sawa ba. Abokina ya zo da wandon aikinsa wankakke da silifa. Na ce, "Bawana, haka za ka je gidan mutane? Ka kunyata mu a Makka, ka zo nan ma?" Ya ce, "Ƙauye aka ce, ɗan boko. Ka taɓa ganin ƙauye?"

Muka hau jirgin ƙasa. Dogayen gine-gine suka yi ta raguwa, hayaƙin masana'antu ya koma baya, mutanen cikin taragon suka yi ta sauka har muka rage mu uku da wata tsohuwa mai kwando. A tasha ta ƙarshe muka sauka. Malamin ya ce akwai bas, amma in ba mu damu ba ya fi son mu taka, tafiyar ba ta fi awa ɗaya da rabi ba.

Abin da ya fara duka na shi ne shirun. Na shekara biyar a garin da direba yake danna hon tun kafin ya tayar da mota, sai ga ni a inda nake jin ƙarar takalmina da kukan tsuntsaye. Sai kuma kore. Ban taɓa sanin kore yana da kala-kala haka ba, na shinkafar da aka dasa daban, na tsaunukan da ke kewaye daban, na gorar da ta yi kurmi a gefen hanya daban. An yanka gonakin fangali-fangali, kowane cike da ruwa, har kana hango gajimare a ciki. Ga 'yan gidaje na katako masu baƙin rufi, a ƙofar kowanne an jera takalma, ba katanga, ba kare. A wata mahaɗar hanya muka wuce wasu ƙananan gumakan dutse an ɗaura musu jan ƙyalle a wuya, muka yi a'uziyya a ciki muka wuce, malamin kuwa ya ɗan sunkuyar da kai.

Ruwan ne ya fi tsaya mini. Yana gudu a 'yan magudanai gefen hanya, garau, har kana ganin ƙananan kifaye, ba mai gadi, ba mai sayarwa. A Shumaisi in famfo ya ɗauke sai mu tsaya da jarka muna jiran tankar ruwa, wanda aka yi alwala da shi ma sai a tara a wanke bayi. A Riyad duk inda ka ga kore to bayan katangar mai hali ne. Nan kuwa ga wata tsohuwa da ƙusumbi tana wanke fartanya a cikin ruwan da ya fi wanda nake sha tsabta. Na ji kishin ƙasar gaba ɗaya, na ce a raina wai me waɗannan mutane suka yi aka ba su wannan?

Ina cikin wannan ban lura abokina ya wuce gaba ba. Mutumin da yake riƙe mini riga a tasha yanzu shi ne a gaba, silifa na fas-fas, ƙirji a buɗe. Duk manomin da muka tarar sai ya ɗaga hannu ya ce da ƙarfi, "Sannu da aiki!" da Hausa tsantsa, su kuma su miƙe, su cire malafa, su amsa da nasu yaren, kowa ya gamsu. Na ce, "Kai, ba sa jin ka fa." Ya ce, "Sun ji mana, ba ka ga sun amsa ba?" Ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza, ya sansana. Ya nuna mini balbelu a cikin gona ya ce har nan ma suna nan. Ya ce su a gida yafa shinkafa suke yi, dashe sai albasa da tumatir, amma dubi yadda waɗannan suka jera ta kamar sahun sallah. Malamin ya yi ta tambayata me yake cewa, ina fassarawa a taƙaice, ina rage gishirin.

Da azahar ta yi muka yi alwala a magudanar, ruwan sanyi har cikin ƙashi. Malamin ya duba rana ya nuna mana yamma, don a can alƙibla yamma take, muka shimfiɗa jarida a gindin wata bishiya muka yi sallah, shi yana tsaye nesa kaɗan ya juya mana baya don girmamawa. Abokina ne ya ja mu. Na tuna ya daɗe a sujadar ƙarshe, kuma na san abin da yake roƙa, tunda ni na karanta masa wasiƙar.

Iyayen malamin a gona muka same su. Tsoho ne tukuf da matarsa, cikin taɓo har ƙwauri, suna cike kusurwoyin da injin dashe bai kai ba. Kafin a gama gaisuwa abokina ya tuɓe silifa, ya naɗe wando, ya faɗa cikin taɓon. Malamin ya ce in hana shi, baƙo ne. Ina! Ya riga ya karɓi damin iri daga hannun tsohuwar. Layin farko ya karkace, tsohon ya kama hannunsa ya nuna masa yatsu uku, ya nuna zurfin, shi ke nan, layi na biyu ba ka bambanta nasa da nasu. Can sai ya tsaya ya kafa kunne, ya taka zuwa ƙarshen fangalin, ya zura hannu a jikin kunyar da ta tare ruwan, ya gano wani rami da ruwa yake zurarewa ta ciki, ya toshe da taɓo ya danne da diddige. Tsohon ya tafa hannu, ya fashe da dariya, ya ja shi zuwa bakin rafi inda ɗan injin ban-ruwansa yake tari. Ba a yi minti goma ba injin ya saki murya.

Ni ina ina? Ina tsaye a kan kunya da kwat da sau-ciki, ina ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya don kada taɓo ya taɓa ni. Wata biyu ba a yi magana ba sai da ni, yau ga mutum uku suna hira da hannu da gira da dariya, ba wanda ya waiwayo ya ce me ya ce. Malamin yana gefena ya harɗe hannu. Ya ce mini a hankali, "Rabon da in ga mahaifina yana dariya haka na manta. Tun da na bar gona na tafi birni ba ya sakin fuska da ni." Na ce eh, abokina akwai ban dariya.

Tsohuwar ta kawo curin shinkafa da shayi marar sukari, muka zauna a bakin gona. Ta ba kowa biyu, ta ƙara wa abokina biyu. Da ta ga zufa tana zubo masa sai ta kwance ɗan farin tawul mai zanen shuɗi daga wuyanta ta ɗaura masa a ka irin yadda mijinta ya ɗaura. Ni ta dubi takalmina ta faɗi wata magana, malamin ya ce wai ta ce yana da kyau ƙwarai. Har yau ban yarda abin da ta ce ke nan ba.

Da la'asar sakaliya muka kamo hanyar tasha ta wata 'yar siririyar hanya a tsakanin gonaki, ɗaya bayan ɗaya. Rana ta yi sanyi, kwaɗi sun fara. Muka iso wata ƙaramar gada ta katako a kan rafi, sai malamin ya tsaya ya jingina, ya ce yana da magana. Ya ce cikin makon nan zai rubuta wa maigidanmu. Ya ce a takarda na fi, wannan ba musu, amma a inji abokina ya fi, kuma yau ya ga yadda yake koyo da yadda yake koyarwa ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce shugaban warsha zai iya samun mai rubuta masa takarda, amma mai takarda ba zai iya aron kunne ba. Yana magana yana nuna ni, yana nuna shi. Ya ce, "Ina ganin shi zan rubuta. Ka yi haƙuri da na faɗa a gabanka, na san kai mai gaskiya ne. Amma shi ba ya magana, ban san ko yana so ba. Tambaye shi, yana son aikin?"

Na dubi abokina, yana tsaye da tawul a ka, taɓo ya bushe masa a ƙwauri, yana murmushi yana jiran in ba shi nasa. Ban yi dogon tunani ba, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, don muryata ce na ji tana cewa, "Bawana, wai tambaya yake, shinkafar nan da ta garinku wacce ta fi?"

Ya dubi malamin, ya dube ni. Sai ya fara. Ya ce tasu ta nan ta fi tsari, amma a gaya masa bai ga fadamar Haɗeja ba in ruwa ya sauko. Ya ba da labarin gonar mahaifinsa, da yadda suke shiga kwalekwale su yanki shinkafa, da kifin da ake kamawa da hannu in ruwa ya janye, da tsuntsayen da suke zuwa daga inda ba a sani ba. Yana yi yana dafa ƙirji, yana nuna nesa, har idonsa ya kawo ruwa. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba, kuma duk wanda ya kalle shi a lokacin zai rantse mutumin nan gida yake so.

Na juya na ce wa malamin da Turancina mai kyau, "Ya ce ya gode ƙwarai. Amma shi manomi ne, zuciyarsa tana gida. In mun koma ba zai daɗe ba zai tafi. Ba ya son warsha."

Fuskar malamin ta faɗi. Sannan ya gyara tsayuwa ya sunkuya wa abokina sosai, irin wadda suke yi wa manya. Abokina ma ya sunkuya masa. Muka ci gaba da tafiya. Sauran hanyar gonakin suna nan yadda suke, ruwa yana gudu, wani manomi yana tura keke da damin ciyawa, amma ni ban ƙara ganin kyan komai ba. Sabon takalmin ya fasa mini diddige, ina ɗingishi, kuma abokina bai tsokane ni a kai ba ko sau ɗaya. Da na yi hankali da tun a nan na gane.

Na yi zaton iyakar abin a ba ni aikin, shi ya ci gaba da zamansa yadda yake. Ban san Bajapane in zai rubuta takarda ba ya barin komai ba. Muna dawowa Riyad da 'yan kwanaki kafili ya kira mu, takardar tana gabansa. Ya ce ni ne shugaban warsha, mabruk, wato barka. Sannan ya juya kan abokina da faɗa, ya ce ya kai shi har Japan ashe shirin gudu yake yi, ga shi an rubuta ƙarara cewa ya ce ba zai daɗe ba. Abokina ya ce da ɗan Larabcinsa na kasuwa, "Wallahi ban faɗa ba." Kafili ya buga tebur ya ce mutanen nan ba sa ƙarya. Abokina ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Ina tsaye, kalma ɗaya ta isa, na zuba wa fankar sama ido. A ranar aka cire shi daga warsha aka tura shi gonar kafili da ke cikin kwarin Hanifa, kusa da Dir'iyya, ya riƙa kula da injina da ban-ruwa, ba hutu, ba zancen iyali.

Aka ba ni gidan. Amaryata ta zo, muka sa labulen. Babbar sallah ta zo ta wuce, muka yi layya, ban iya cin naman kirki ba, ta yi ta tambaya ko girkinta ne.

Bayan sallah da kamar wata guda wasiƙa ta zo wa abokina ta akwatin gidan waya na shagon, da rubutun nan da na sani a bayan ambulan. Kwana uku tana aljihuna. Ran Juma'a bayan an sauko na hau motar wani mai kai taki na tafi gonar. Na same shi a ƙarƙashin dabinai. Ya gyara wurin har na kusa ɓata, ya yanka shi fangali-fangali, ciyawar dabbobi ta yi kore shar, ruwa yana bin 'yan magudanai a miƙe. Tawul ɗin nan yana ɗaure a kansa, shuɗin ya koɗe.

Na ce, "Bawana, sannu da aiki."

Ya ce, "Yauwa, Malam. Sannu da zuwa."

Malam. Tun da muka haɗu bai taɓa kira na haka ba. Na miƙa masa wasiƙar, ya juya ta, ya gane daga inda take. Na miƙa hannu in karɓa in karanta masa kamar yadda muka saba, sai ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce, "Bar shi. Akwai wani malami ɗan Damagaram da yake zuwa sayen dabino, shi zai karanta mini."

Nan na zauna a kan kunya da fararen kayan Juma'ata. Na faɗa masa komai, abin da malamin ya tambaya, da abin da na tambaye shi, da abin da na mayar. Yana saurare yana buɗe wa wani fangali ruwa da fartanya. Da na gama ya ce, "Na sani tun a kan gadar. Mutumin ya daɗe yana magana, yana nuna ka yana nuna ni, kai kuma ka zo mini da 'yar guntuwar tambaya. Sannan ba a ɓata fuska don an ji labarin shinkafa."

Na ce, "To me ya hana ka magana?"

Ya dogara da fartanyar ya dube ni. Ya ce, "Da wane bakin? Ai kai ne bakina."

Na roƙe shi gafara, ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya tsinko mini dabino a leda ya ce in kai wa amarya. Washegari na je wurin kafili na faɗa masa gaskiya. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce warsha tana tafiya daidai, gona ma ba ta taɓa kyau haka ba, halas, magana ta ƙare, in koma bakin aikina. Daga baya na ji daga bakin malamin nan ɗan Damagaram cewa wasiƙar ta ce alƙali ya raba auren. Abokina ya ƙara shekara a gonar, da kwantiraginsa ya ƙare ya karɓi fasfonsa ya tafi gida. Bai yi mini sallama ba, kuma ban sake ganinsa ba.

Na yi shekaru a kan kujerar nan, ban taɓa jin tawa ce ba. Daga baya mutanenmu marasa Larabci sun sha ɗaukata in yi musu tafinta a asibiti ko a wurin 'yan sanda, kuma har tsegumi ake yi mini wai ina da tsawaitawa, ko tari mutum ya yi sai na fassara. Ba su san dalili ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne hassada ba ta zo mini da fuskar ƙiyayya ba, da wasa da dariya ta shigo, kullum ina ba ta ci kaɗan-kaɗan ina cewa ai raha ce, har ranar da aka damƙa mini amanar mutum a inda ba mai shaida. Kuma duk wanda ya ba ka bakinsa, to rayuwarsa ya ba ka riƙo. Ni an ba ni sau ɗaya a kan wata 'yar gadar katako, na mayar wa mai ita babu mata a ciki.